Gajiyar aiki: likita na amsa tambayoyinku

Tambaya: Likita, lissafin kuɗi nake riƙewa a wani ƙaramin kamfani a Yamai. Mu biyar muke aikin mutum goma, maigidan kan kira ni ko sha ɗayan dare, kuma a gaban kowa yake yarfa mutum. Ko na yi barci ba na wartsakewa, safiyar Litinin gabana faɗuwa yake. Wane magani zan sha?

Amsa: Sannu ɗan'uwa. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan hali a matsayin matsalar da wurin aiki ke haifarwa, da alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, fitar aikin daga ran mutum, da raguwar ƙwazo. Fara zuwa asibiti a auna hawan jini da sukari, a duba ƙarancin jini, don su ma suna kawo kasala. In an samu lafiya lau, to ciwon yana ofis, kuma ba ni da ƙwayar da ke gyara halin maigida. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta tsayar da awa 40 a mako, da hutun shekara mai albashi. Ka riƙa rubuta awannin da kake yi, ku same shi ku biyar cikin ladabi. In ya ƙi ji, akwai ofishin sufeton ƙwadago. Idan kuwa ka fara jin rayuwa ta ishe ka, kada ka jira gobe, ka ga likita ranar.

Tambaya: Abokan aikina na shan tramol don su jure. Yana da illa?

Amsa: Ƙwarai. Yana kama mutum har ya kasa rabuwa da shi, yana kawo farfaɗiya, yawansa na tsayar da numfashi. Wanda ya saba kada ya bari farat ɗaya, ya nemi likita a rage masa sannu a hankali.

Tambaya: Ina da kamfani a Tahoua. Yarana sun faye kawo takardar hutu daga asibiti. Ba lalaci ba ne?

Amsa: Alhaji, in mutum ɗaya ne sai a ce halinsa ne, amma in kowa na kwanciya, duba tsarin gidan. Binciken da hukumar lafiyar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a 2021 ya nuna masu aikin awa 55 ko fiye a mako sun fi masu awa 35 zuwa 40 haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari. Biya albashi kan lokaci, kowa ya san iyakar aikinsa, faɗa kuma a yi shi a keɓe. Kiran dare, Alhaji, a bar shi sai da larura.