Me ya sa majami'ar Monkstof ta yi kama da sito?

Tambaya: Na ga hoton wata tsohuwar majami'ar Baftis a wani ƙauyen Ingila da ake kira Monkstof. Ba hasumiya, ba ƙararrawa, sai ka ce ɗakin ajiyar hatsi, kuma wurin baftismar a waje yake. Talauci ne ya sa aka gina ta haka, ko da wani dalili? Yaya kuma gini irin wannan ya kai shekara 300 a tsaye?

Amsa: Talauci yana ciki, amma ba shi ne kan gaba ba. Da gangan aka gina ta don mai wucewa ya ɗauka ginin gona ne.

Monkstof tana yankin Linkonsha a gabashin Ingila, kusa da garin Spilsbi, kuma a 1701 aka gina majami'ar da jan bulo. Sai an koma baya da shekara 40 kafin a gane tsoron da ke zuciyar maginanta. Bayan Sarki Chals na Biyu ya hau gadon sarauta a 1660, majalisa ta yi ta jero dokoki a kan duk wanda ba ya bin Cocin Ingila. Dokar 1664 ta haramta musu taron ibada na mutum biyar ko fiye, ban da mutanen gida. Ta 1665 ta hana fastocin da aka kora daga Cocin Ingila kusantar manyan garuruwa da mil biyar, wato kimanin kilomita takwas. Don haka Baftis suka riƙa taruwa a bayan gari, a gonaki da gindin itatuwa. Tomas Grantam, babban jagoransu a wannan yanki, sai da ya sha ɗauri saboda wa'azi.

A 1689 aka yi dokar sassauci. Ta yarda su gina wurin ibada, da sharaɗin a yi masa rajista, kuma kada a kulle ƙofa ko a sa mata sakata lokacin taro. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shekara 12 kacal da sassaucin aka ɗora tubalin Monkstof, kuma tsoron bai zama na banza ba, domin a 1710 da 1715 'yan tarzoma sun farfasa irin waɗannan ɗakunan ibada a garuruwa da dama. Wannan tsoro ne ya sa aka zaɓi wuri can cikin gonaki, aka yi rufin ciyawa kamar na kowane manomi.

Dalili na biyu na aƙida ne, kuma shi ne ya tsara cikin ginin. A Cocin Ingila ido yana tafiya ne zuwa bagade a ƙuryar gabas, don haka ginin dogo ne. A wurin Baftis wa'azi ne gaba da komai. Ɗakin yakan zama mai kusurwa huɗu, gajere, mumbari a jingine da bango a ɗan sama yadda na baya zai ji murya ba tare da an ɗaga ta ba. A ƙasan mumbarin ake ajiye tebur na Jibin Ubangiji, tebur ne kawai na katako. Gilashin tagogi fari ne, ba zane, saboda a samu hasken karanta Littafi Mai Tsarki. In jama'a ta ƙaru, maimakon a rushe bango sai a kafa ɗan bene na katako a ciki. Mai son ganin wannan tsari cikakke ya duba majami'ar Gudsho a Lankasha, ta 1760, wadda har yau benenta da kujerunta masu ƙofa kamar akwati suna nan.

Wurin baftisma kuwa, Baftis ba sa yayyafa wa jariri ruwa. Babban mutum ne da ya furta bangaskiyarsa ake nutsarwa gaba ɗaya, kuma hakan yana bukatar ruwan da ya kai ƙugu. Babu famfo a ƙauye a wancan zamani. Sai aka haƙa rami a filin majami'ar Monkstof, aka gina shi da bulo, aka yi matakala, ana cika shi daga magudanar ruwan da ke kusa. Ƙasar yankin shimfiɗaɗɗiya ce mai fadama, magudanai ko'ina. Irin wannan rami na waje kaɗan ne ƙwarai suka rage a Ingila.

A 1847 aka cire ciyawar aka rufa da tayil na jar ƙasa. Canjin yana da nasa sakamako. Rufin ciyawa yana da kauri, bakinsa yana zarce bango ya zubar da ruwa nesa. Tayil ba ya haka, dole a sa masa indararo, kuma da zarar ganye ya toshe shi, ruwa zai bi bango ya jiƙa kan katakon da ke ɗauke da rufin har ya ruɓe. Yawancin tsofaffin majami'un ƙauye ta nan lalacewarsu take farawa. A share indararo sau biyu a shekara, musamman bayan ganye ya zuba.

Abin da ya riƙe bangon shi ne farar ƙasa. Da ita aka haɗa bulon, kuma tana barin danshi ya fita ta tsakanin layuka, tana kuma jure ɗan motsin ƙasa ba ta tsage ba. Babban kuskuren masu gyara shi ne cike layukan da siminti. Siminti ya fi tsohon bulo tauri, yana tsare ruwa a ciki, in sanyi ya daskarar da ruwan sai fuskar bulon ta riƙa ɓarewa. Duk wanda ya ga abin da yaɓen siminti yake yi wa katangar laka a Kano ko Zariya ya san wannan ciwo. Gyaran da ya dace: a ƙwaƙule layin da hannu, zurfinsa ya kai kamar ninki biyu na faɗinsa, a jiƙa shi, a cike da kwaɓin farar ƙasa kashi ɗaya da yashi mai tsakuwa kashi uku, a rufe da buhu mai laima na 'yan kwanaki don kada ya bushe da gaggawa. Ba a wannan aiki in sanyi ya sauka ƙasa da digiri biyar a ma'aunin Selsiyos. Fentin roba a bangon ciki ma illarsa ɗaya da ta siminti. Farar ƙasa ake shafawa.

Jama'ar majami'ar ta ragu a ƙarni na 20 har aka daina ibadar kowane mako a cikinta. Tun shekarar 2000 tana hannun National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi a Ingila, kuma akan yi sujada a can jefi-jefi.