Amsar tambayarka kan getnameinfo da ke sa sabarka jira

Salam ƙanena, na ga saƙonka kan getnameinfo, wato umarnin da ke nemo sunan kwamfuta daga lambar adireshinta ta IP, tun jiya da daddare, wuta aka ɗauke mana a Kubwa wayar ta mutu shi ya sa sai yanzu. Ka ce: "Oga, ɗan saba ɗin nan da ka ba ni in rubuta na sa masa getnameinfo don rajista ta riƙa nuna sunan kwamfutar da ta shigo maimakon lamba, to yanzu duk wanda ya shigo sai ya yi kusan sakan goma yana jira, ƙarshe kuma wani sa'in lamba ce ke fitowa wani sa'in layin ya fito babu komai. Sannan ina son in yi amfani da sunan in hana baƙi shiga, ya zan yi?"

To bari mu bi ta a hankali don tambaya biyu ce ka haɗa, kuma ta biyun ta fi damuna.

Lokacin da accept, umarnin da ke karɓar mai shigowa, ya miƙo maka soket, wato hanyar magana da shi, abin da ke cikin sockaddr ɗin nan, wurin da ake zuba bayanin mai shigowar, adireshi ne da lambar ƙofa kawai, babu wani suna da ya biyo wayar ya zo. Da ka kira getnameinfo sai ta tafi cigiya, a Linux takan fara leƙa /etc/hosts, fayil ɗin sunaye na cikin kwamfutar, in haka aka jera a nsswitch.conf mai tsara inda za a fara dubawa, in ba ta samu ba ta fita DNS, tsarin da ke haɗa sunaye da adireshi a intanet, ta tambayi abin da ake kira PTR, wato bayanin da ke faɗin sunan da aka liƙa wa adireshi. Yadda take tambayar ma ka lura da shi, juya lambar take yi baya ya koma gaba ta liƙa mata in-addr.arpa, wato 8.8.4.4 ya zama 4.4.8.8.in-addr.arpa, amsar ta dawo dns.google. Dalilin juyawar shi ne a sunan DNS babban yanki yana dama ne, a lambar adireshi kuma yana hagu, sai an juya kafin a iya rarraba wa kowa nasa yankin. Na IPv6, sabon salon adireshi mai tsawo, kuma harafi ɗai-ɗai ake warware shi har 32 a juya a sa ip6.arpa. Gwada da hannunka, buga dig -x 1.1.1.1 ka ga one.one.one.one ya fito.

Sakan goman nan da kake gani kuwa na san shi kamar yunwar cikina. In ba a canza komai ba a resolv.conf, fayil ɗin da ke faɗin saban DNS da za a tambaya, jiran amsa sakan 5 ne kuma sau 2 ake gwadawa, ka ga goma kenan in saban DNS ɗaya aka rubuta kuma ba ya amsawa. Ina kyautata zaton naka har yanzu yana nuna tsohuwar rautar da muka cire a shago ne, duba ka gani. Kuma getnameinfo ba ta sakin ka sai ta gama, kai kuma ka dasa ta daidai bayan accept, to duk wanda ke bayan wannan mutumin shi ma ya shiga layi kamar ranar wahalar mai. Layin da ke fitowa wayam ɗin nan laifinka ne, ba ka duba abin da ta dawo da shi ba, in DNS bai amsa ba lambar kuskure EAI_AGAIN take ba ka kuma ba ta zuba komai a wurin sunan ba. Ka riƙa dubawa, in ba sifili ba ne ka miƙa wa gai_strerror ta faɗa maka matsalar. Inda lamba ta fito kuma, an amsa mata ne cewa babu suna, sai ta maido maka lambar a rubuce, haka aka tsara ta. In kana son ta faɗa maka gaskiya babu, sa mata NI_NAMEREQD za ta ba ka EAI_NONAME. Kwamfutocin shagonmu duk 192.168 ne, adireshin cikin gida, ba wanda zai ba ka sunansu a intanet sai in kai ka rubuta su a hosts ko a DNS ɗin cikin gida.

Gyaran ba wuya, a wurin karɓar baƙi sa wa getnameinfo NI_NUMERICHOST da NI_NUMERICSERV, alamun da ke ce mata lamba kawai kake so, ba za ta fita ko'ina ba nan take za ta ba ka lamba, ka rubuta lambar a rajista. Sunan in kana marmarinsa ka neme shi daga baya a gefe, ka ajiye wanda ka samu kar ka yi ta maimaita tambaya ɗaya. Manya ma haka suke yi, Apache yana zuwa da HostnameLookups a kashe har da ɗan logresolve na fassara rajista daga baya, OpenSSH ma tun 6.8 a 2015 suka mai da UseDNS a kashe, MySQL na da skip-name-resolve, kuma -n ɗin da nake ce maka ka riƙa sa wa netstat da tcpdump, kayan duba zirga-zirgar sadarwa, ai maganar kenan, hana su neman suna yake yi.

Yanzu zancen hana baƙi shiga da suna, don Allah ka saurare ni da kyau. Wa ke rubuta PTR? Mai adireshin ne. A nan Afirka AFRINIC da ke Morishus ke ba kamfanonin sadarwa tarin adireshi, ta miƙa musu ikon yankin juyayyen suna, su kuma wasu sukan bar kwastomansu ya rubuta abin da ya ga dama. Kamar rubutun bayan tirela ne, mai mota ya sa a zana masa duk abin da ransa ke so, ba wanda ya tantance. Mutum zai iya hayar saba a wata ƙasa ya sa PTR ɗinsa ya karanta sunan kamfanin da kake yi wa aiki, getnameinfo kuma za ta kawo maka shi yadda ta same shi, kai kuma ka buɗe masa ƙofa. Na taɓa zuwa gyara wani ofis a Garki na tarar wanda ya yi musu aikin kafin ni haka ya yi, duk sunan da ya ƙare da na ofishin a bar shi ya wuce, wallahi ranar ban tafi gida ba sai da na cire layin nan, don bayanan albashin mutane ne a ciki. In dole sai ka duba suna, to ka yi tafiya da dawowa, sunan da ka samu ka ba getaddrinfo, mai nemo adireshi daga suna, ka ga ko adireshin farko yana cikin waɗanda ta dawo da su, in babu ka watsar. Ko hakan ma shaida ce kawai cewa mai sunan da mai adireshin sun yarda da juna, masu karɓar imel irin Gmail na duba ta, amma ƙofar shiga da makulli da kalmar sirri ake tsare ta. Kuma ka tuna masu shigowa da datar waya galibi mutane da yawa ne ke fitowa da adireshi ɗaya, sunan ba zai gaya maka waye ba.

Ƙananan abubuwa da na hango a hoton da ka turo. Ka yi amfani da sockaddr_in, mai da shi sockaddr_storage don IPv6 ya samu wurin zama, kuma tsawon da accept ya dawo maka da shi za ka miƙa. Wurin sunan girman 64 kacal ka ware masa, ya yi kaɗan, sa NI_MAXHOST wato 1025, na ƙofa NI_MAXSERV 32. In da hanyar aika bayanai ta UDP kake aiki ba TCP ba kar ka manta NI_DGRAM, don sunan ƙofa 514 a TCP shell ne a UDP kuma syslog. gethostbyaddr da ka gani a tsohon littafin nan kuma bar shi, wuri ɗaya yake zuba amsa kira na gaba ya goge na baya.

Gobe in Allah ya kai mu zan biya Banex in karɓo kaya, ka riga ni shago da laftof ɗin, ka bar shirin da ka rubuta yadda yake kar ka gyara tukuna, ina son mu kunna tcpdump a ƙofa 53 ta DNS ka ga tambayar tana fita sau biyu da idonka kafin mu taɓa komai.