Amsa ga Baffa a kan auren da ban hana ba

Baffa, bayan gaisuwa da fatan an yi girbi lafiya. Saƙonka ya iso ni a kan yarinyar gidanmu ta Zangon Kumasi a Ghana da ta auri yaro ɗan ƙabilar Asante, alhali ita da bakinta ta gaya wa dangi cewa gwajin jini ya nuna su biyun AS ne, wato kowannensu yana ɗauke da gadon cutar sikila ko da yake ba ya ciwon, ni kuma da nake aikin ba da shawara a kan cututtukan gado ban hana ba. Ka ce da a ƙauye ne da dattawa sun raba abin tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, ka ce zaman Kumasi ya cinye mana Hausancinmu.

Maganar ta yi mini zafi. Kakanmu da ya bar ƙasar Ringim ya bi ayarin goro zuwa Gwanja bai yar da Hausa a hanya ba, har yau da ita muke ciniki, da ita muke yi wa 'ya'yanmu faɗa. Yaron kuwa Musulmi ne ɗan Musulmi, kuma waliyyai ne suka ɗaura auren da sadaki da shaidu.

Ni ba alƙaliya ba ce, ba kuma waliyyiya ba. Sau biyu na zauna da su, na bayyana musu da Hausa da Twi, harshen Asante, cewa kowane ciki da nasa lissafi, wato kashi 1 cikin 4 na yiwuwar a haifi mai sikila, kuma haihuwar guda ba ta kare na bayansa. Ban ɓoye musu ciwon ƙashi ba, da ƙarin jini, da kwanan asibiti, da kuɗin magani. Daga nan na tambaye su abin da suke tsoro, na yi shiru na saurara. Hukuncin nasu ne da iyayensu, domin su za su yi renon. Da na tsawatar, na gaba da za su zo sai su ɓoye sakamakonsu, ko su nemi takardar bogi.

Ka tuna ƙanena da ya rasu yana shekara bakwai. Duk hunturu Inna tana gasa masa ƙafa da ruwan zafi, mata suna raɗa cewa wabi take yi, babu wanda ya taɓa zama da ita ya ce ba laifinta ba ne. A 1995 aka fara yi wa jarirai gwajin sikila a Kumasi tun daga haihuwa, shi kuwa ya riga ya tafi. Saboda Inna na shiga wannan aiki.

Na ji daɗin dokar da maƙwabtanku na Kano suka yi a 2024 ta wajabta gwajin jini kafin aure, sai dai ina tunanin yarinyar ƙauye da za a miƙa wa takarda mai haruffa biyu ba tare da wanda zai zauna da ita ba. Tun da ana maganar haɗa autarka da ɗan Gwaggo, don Allah ka kai su gwaji kafin a sa rana. In sakamakon ya fito, ka ba ta wayar ita kaɗai, zan yi magana da ita.