Hoton jariri: wa ya kamata ya fara gani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya ba mu ƙaruwar ɗa namiji a nan Agege. Mahaifiyata tana Kano, ita kuma kakata da ta haife ta tana ƙauye, kullum sai ta aiko a kai mata hoton tattaɓa-kunnenta. Surukata da ta zo wankan jego ta hana a ɗauki hoto kafin suna saboda bakin mutane, ƙannena kuwa sun matsa sai sun saka shi a Facebook. Ina zan sa kaina?
Daga mai karatu, Agege, Legas.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya, ya ƙara wa mai jego lafiya. Maganar surukarka ba ta da wuyar bi, domin suna kwana bakwai ne kawai, kuma jira har a yanka rago a yi aski ba zai rage wa kowa komai ba. Ka kira Hajiya mahaifiyarka ka shaida mata da bakinka cewa bayan suna ita za ta fara gani, don kada ta ji a wurin wani ta ɗauka dangin matarka ne suka mallake jikanta.

Inda rigima ta fi tashi shi ne uwa ta ga hoton jikanta a wayar maƙwabciya kafin ɗanta ya aiko mata. Saboda haka kakanni na ɓangarori biyu su fara samu, kowa kai tsaye, sannan baffanni da gwaggwanni, sannan zauren dangi na WhatsApp. Ita kuwa tsohuwa da ke ƙauye, allon waya ba zai ƙosar da ita ba, musamman idan idonta ya yi rauni. A wanke mata babban hoto, a sa a leda mai kauri, a ba amintaccen direba a tashar motocin Arewa, ta riƙe abinta ta nuna wa masu zuwa barka, tana tsokanar sabon angonta kamar yadda kakanni suka saba.

Ƙannenka ka faɗa musu a fili cewa hoton yaro hakkin iyayensa ne. Ko dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023, wadda ta fi shafar kamfanoni da hukumomi, amincewar iyaye ko mai riƙo ta gindaya kafin a yi amfani da bayanan yaro. Abin da aka ɗora a status na WhatsApp yana gushewa bayan awa 24, amma duk wanda ya gani yana iya kwafa, na Facebook kuwa yana nan har sai an goge. Kada a tura hoton wanka ko wanda ke nuna abin hannun asibiti mai ɗauke da suna. Hoton da aka tura a matsayin fayil ya fi fita tar, sai dai yakan tafi da bayanin wurin da aka ɗauke shi, don haka a kashe wannan a kyamara tukuna.

Idan an yi arba'in kuka je gida, kada ka bari ku dawo ba a ɗauke ku ku huɗu ba: tsohuwa, Hajiya, kai da jaririn. A rubuta sunaye da shekara a bayan hoton, kwafin da zai dawo Legas kuma a nisanta shi da bango, domin laimar garin nan tana cin takarda.