Saran kububuwa a gona: me ya sa jini ya ɓalle bayan kwana biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina zaune a Aboabo, cikin Kumasi. Ƙanena yana noman masara a wani ƙauye bayan Ejura. Bara maciji ya sare shi a ƙafa, aka ɗaure ƙafar da igiya, aka tsaga wurin, aka ɗora masa baƙin dutse. Ya ce ya samu sauƙi. Bayan kwana biyu sai jini ya fara fita daga dasashinsa, da ƙyar aka ceto shi a asibiti. Me ya sa dafin ya yi jinkiri haka? Dutsen nan yana aiki kuwa? Ga girbi ya matso, hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara masa lafiya. Ban ga macijin ba, amma bayaninki ya yi kama da aikin kububuwa. Ƙarama ce, da wuya ta kai tsawon hannun mutum, launinta kamar na busasshiyar ƙasa, kuma ita ce ta fi kowane maciji kashe manoma a filayen Afirka ta Yamma. Ejura kuwa tana daidai inda kurmi yake ƙarewa fili ya fara, irin ƙasar da take so ke nan.

Dafin bai yi jinkiri ba, a ɓoye ya yi ta aiki. Dafin kububuwa yana cinye sinadaran da ke sa jini ya daskare. Mutum zai ga kumburi kawai da ɗan zafi, ya ci tuwo, ya yi hira, alhali jininsa ya riga ya tsinke. Sai daga baya a ga jini a dasashi, a fitsari, a bayan gida, ko tsohon miki ya buɗe. Wanda ya fi muni shi ne wanda ido ba ya gani: zubar jini cikin ciki ko cikin ƙwaƙwalwa, ko ƙoda ta tsaya. Shi ya sa ba ma yarda da "ai na samu sauƙi". Muna ɗibar jini kaɗan mu zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, mu ajiye minti 20. Idan aka karkata kwalbar jinin ya kwararo, dafi yana jiki, ko da mutumin yana dariya. Sai a ba shi maganin dafi ta jijiya, a sake gwajin bayan awa 6, a ƙara idan da buƙata. A asibiti kawai ake bayar da shi, domin wasu jikinsu yana ƙin maganin farat ɗaya, dole a samu mai allurar taimako a kusa.

Batun dutse kuwa, gaskiya ɗaya ce: ba ya zuƙe dafi. Yawanci ƙashin dabba ne da aka ƙona, yana manne wa miki saboda danshi, shi ke nan. Abin da ya ba shi suna shi ne, macizai da yawa ba su da dafi, masu dafin ma wani lokaci sukan yi sara ba su zuba komai ba. Irin waɗannan mutane za su warke da dutse ko babu dutse. Tsaga ta fi ba ni tsoro. Mutumin da jininsa ba ya daskarewa, a kawo aska a ƙara masa ƙofa? Ɗaurin igiya kuma yana kashe naman ƙafa, mun sha ganin inda ya kai ga yankewa. Ba na hana kowa tofi da addu'a, amma a yi su a kan babur, ana tafiya.

Abin yi kaɗan ne. A janye shi daga wurin, a cire zobe, agogo da takalmi kafin kumburi, a tallafe ƙafar da itace kamar karan ɗori ba tare da matsewa ba, a ɗauke shi, kada ya taka. Babur ko aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, duk wanda ya samu. Kada a ba shi asfirin, ibuprofen ko diclofenac, suna ƙara zubar jini. Farasitamol ya isa. Kada a tsaya farautar macijin. Idan gamsheƙa ce ta yi tofi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take.

Sai maganar inda za a kai shi, kuma nan ne ƙauye yake shan wahala. Ƙaramin asibitin ƙauye da ake kira CHPS, tsarin da ya samo asali daga gwajin da aka yi a Navrongo a shekarun 1990, zai iya ba da taimakon farko ya tura gaba, amma maganin dafi galibi sai asibitin gunduma. Tun 2019 jirage marasa matuƙa na kamfanin Zipline suka fara kai jini da magunguna ƙauyuka, har da na maciji, kuma an buɗe tasharsu a Mpanya kusa da Mampong. Masu tsanani ne ake kawowa babban asibitin Komfo Anokye na Kumasi, wanda ake kira Gee. Ingancin maganin ma abin lura ne: a 2004 wani asibitin karkara a tsakiyar Gana ya koma amfani da maganin da aka haɗa da dafin macizan Indiya, mace-mace suka tashi daga kusan 2 cikin 100 zuwa 12. Don haka kada a sayi kwalba a hannun ɗan kasuwa. Sai a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi wa sakaci, ciwon talaka ne, ba shi da mai yi masa kuka.

Ke da kike Kumasi akwai abin da za ki iya kafin girbi. Ki saya masa dogon takalmin roba, safar hannu mai kauri da tocila, domin yawancin sara a ƙafa ne da hannu, wajen ɗaga dami ko tafiyar dare. Ya riƙa juya tarin kara da sanda kafin ya sa hannu. Rumbu ya yi nesa da ɗakin kwana, tunda masara tana kiran ɓera, ɓera yana kiran maciji. Ya kwana a kan gado cikin gidan sauro. Ki sabunta masa katin inshorar lafiya ta waya, *929#. Sannan tun yanzu ya je ya tambayi nas ɗin ƙauyensu wane asibiti ne mafi kusa da ke ajiye maganin dafi, ya kuma riƙe lambar mai babur biyu da za su ɗauki waya ko da tsakar dare.