Tambaya da Amsa: Zanen Tufafi a Gidajen Tarihi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai ɗinki ce a unguwar Mabera, Sakkwato. Na ji cewa gidajen tarihi na Turai suna baje zanen riguna na shekarun 1950 tare da sauran ayyukan fasaha. Shin zanen da aka yi don a yanka yadi ya cancanci wannan daraja?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. A ganina ya cancanta, ko da yake ba kowane zane ba, domin a manyan gidajen ɗinki na wancan zamani a kan takarda ake fara haifar riga. Christian Dior, mai tsara tufafi ɗan ƙasar Faransa, wanda ya ci abinci da sayar da zane-zanensa a shekarun 1930, ya fito da sabon salonsa a Faris ranar 12 ga Fabrairu 1947, wato matsattsen ƙugu da siket mai faɗi mai cin yadi, alhali mutane ba su daɗe da fita daga ƙarancin yadi na Yaƙin Duniya na Biyu ba. Daga hannunsa zane yakan wuce ɗakin ɗinki, a fara gwada shi da farin yadi mai araha kafin a taɓa mai tsada, saboda haka takardar ce take nuna abin da mai tsarawa ya nufa tun kafin gyare-gyare su shiga.

Yves Saint Laurent, wanda ya gaji Dior a 1957 yana ɗan shekara 21, ya adana nasa zane-zanen, wasu har da ƙyallen yadi a manne, kuma a 2017 aka buɗe gidajen tarihi biyu da sunansa, a Faris da Marrakesh. Gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan ma yana da irinsu. Haske yana kashe launi, shi ya sa ba a barin su a bango sai na 'yan watanni.

Lamarin ya shafe mu. Mai zanen aska takwas a babbar riga a kan yadin yake zane, zare ya bi ya rufe shi, har ba a san hannun wa ya tsara ba. Garin da ya iya adana rubuce-rubucen malamansa a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu ba zai kasa adana takardun telolinsa ba. Ki riƙa sa kwanan wata a zanenki, ki manna ƙyallen yadin, ki ajiye shi nesa da rana, damshi da gara.