Hukuncin tulun giya da aka mai da shi na sobolo

Tambaya: Malam, ina sayar da sobolo, wato zoɓo, a Aboabo, Kumasi. Maƙwabcina, wanda ba Musulmi ba ne, yana dafa giya a gida, kuma tulunansa na silba (stainless steel) guda 6, masu cin lita 19, sun yi tsatsa. Ya ce in goge masa su duka, in ɗauki 2 ladan aikina. Wani ustaz ya ce tulun da giya ta kwana a ciki ba ya tsarkaka har abada. Mece ce gaskiya?

Amsa: Bismillahi. Ɗana, ka damu da 2 da za ka ɗauka, ni kuwa 4 da za ka mayar ne suka tsaya mini. Da bakinka ka ce mutumin bai daina ba. Gyara masa kayan aikinsa taimako ne a kan saɓo, kuma ladan bai halatta ba, ko kuɗi ne ko tulu. In zai sayar maka, ka saya da kuɗinka. Ka faɗa masa dalilinka cikin mutunci, haƙƙin maƙwabtaka yana nan.

Maganar ustaz kuwa ba ta zauna ba. Na san inda ya ɗauko ta. A Muhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya, Shehu Halil ya lissafa abubuwan da ba sa karɓar tsarki, har da tukunyar ƙasa da najasa mai ratsawa ta shiga jikinta. To, tukunyar ƙasa ya ce. Dalilin hukuncin shi ne tsotsewa, shi ya sa masu sharhi suka fitar da tagulla da gilashi da tangaran. Silba ma ai jikinsa a rufe yake kamar nasu. In ya ce tsatsa ta huda shi, giya ta shige, sai mu ce ramin tsatsa a saman ƙarfe yake, ruwa na kai wa gare shi. Kuma Abu Sa'alaba ya tambayi Annabi (SAW) game da ƙoren Ahlul Kitabi, a riwayar Abu Dawuda har ya ambaci alade da giya, aka ce in ba a sami wasu ba a wanke da ruwa a yi amfani da su. Ba a ce a fasa ba. Haramta abin da shari'a ta buɗe ba tsantseni ba ne.

Inda maganarsa take da ƙamshin gaskiya shi ne robobin murfi da tiyo. Su suna riƙe wari, ka zubar ka sa sababbi.

Tsatsa ba najasa ba ce, amma cikin mutane amana ne a wuyanka. Ka fara sakin iskar da ke matse a cikin tulun kafin ka taɓa murfi. Kada ka kusance shi da soson ƙarfe ko ruwan bilic: soson yana barin ɓurɓushin da zai sake tsatsa, bilic kuma yana cin siririyar fatar kuromiyam da ke kare ƙarfen. Soson roba da ruwan ɗumi da garin sitirik asid sun isa. Ka ɗauraye sosai, ka bar shi a buɗe ya sha iska 'yan kwanaki, fatar za ta komo da kanta. Wanda ramukansa suka yi zurfi, kai shi Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sayen tsohon ƙarfe a Kumasi, a sayar a kilo.

Sannan ka kula da sobolon kansa. Sukari da zafin Kumasi da rufaffen tulu, haka maƙwabcinka ma yake fara tasa. Ka dafa daidai abin da za ka sayar, ka riƙe shi da sanyi. In ya soma kumfa, warinsa ya juya, zubar da shi.

Wallahu a'alam.